Saƙon da Ke Hawa Tudu

'Yar ƙanwata ce. A gida ba wanda ke kiranta da sunanta, Don-me muke ce mata, domin tun kafin bakinta ya gama buɗewa wannan ce kalmar da ta fi riƙewa. Don me agogo yake ƙara ko ba mai kallonsa? Don me ruwa yake gangara amma ba ya hawa? A makarantar mishan da na yi, yaro yakan ɗaga hannu ne ya yi tambaya ɗaya, ya zauna, ko ya gane ko bai gane ba. Ita kuwa idan ka ba ta amsa, a cikin amsar take tsinto wata tambayar. Ta taɓa kwance mini rediyo tana neman mutumin da ke ciki, ta jera kusoshin a kan faranti bisa girmansu. Saboda jerin nan ne ban yi mata faɗa ba.

Ubanta direban tankar ruwa ne, Mai Tanka ake ce masa, kamar shi kaɗai ne a garin. Motar ta girmi 'yar. Koriya ce a da. Ƙofar fasinja daga waje ake buɗe ta, kuma idan ya taka birki sai ta yi wani kuka kamar ƙofar ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba. Da ita ya ciyar da gida, da ita ya kai Don-me har makarantar koyon kwamfuta. Mutum ne mai ƙarancin magana. Shekara da shekaru muna zama a benci ɗaya, kuma zan iya cewa na fi sanin tarinsa a kan ra'ayinsa.

Da ta gama karatu ta samu aiki a wani ƙaramin ofis a saman kantin magani, inda suke rubuta wa 'yan kasuwa manhajar lissafin kaya. A lokacin ne ƙungiyar direbobin tanka ta rasa mai riƙe mata waya. A da mutum ɗaya ne ke amsa kiran masu neman ruwa, ya raba wa direbobi aikin. Kullum ana zarginsa da son kai, har ya gaji ya ajiye musu wayar a kan tebur ya yi tafiyarsa. Mai Tanka, da bai saba magana a taro ba, ya miƙe ya ce 'yarsa za ta iya yi musu abin da ba shi da ɗan'uwa a cikinsu.

Abin da ta yi, masu sana'arta bot suke kiransa. Manhaja ce da ke zaune tana amsa saƙon waya kamar mutum. Mai gida ya rubuta cewa yana son ruwa, ta tambaye shi unguwa da yawan da yake so, ta ajiye. Direba ya rubuta cewa tankinsa ya cika, ta ba shi aikin da ke kan gaba. Direbobi suka raɗa mata Sakatare, sunan ya bi ta, har ma suka mayar da ita namiji.

Gidana ya fi nasu shiru, don haka a kan teburina take aikin ranar hutu, kusa da taga, ta ture ƙamus ɗina gefe. Ni kuma na yi aikina na ƙare a gidan waya, ina da lokaci, kuma ina son in san yadda saƙo ke tafiya yanzu da babu jaka babu hatimi. Nakan ja kujera.

Sakataren farko bai yi kwana da yawa ba ya sume. Wata mata ta ce tana son ruwa, ya tambaye ta unguwa, ita kuma ta ajiye wayar ta tafi wanka. Shi ke nan, ya tsaya jiranta. Duk wanda ya rubuto bayanta bai samu ko sannu ba.

"Ladabi ne ya yi masa yawa," na ce.

"Kawu, wauta dai. Ni na ce masa ya jira amsa, ban gaya masa ya kula da sauran mutane kafin ta zo ba."

"To yanzu fa?"

"Yanzu zai yi tambaya ya juya ga na gaba. Kowa da 'yar kwaryarsa, inda aka tsaya da shi a ciki. Duk sa'ad da amsa ta faɗo, ya duba kwaryar mai ita ya ci gaba."

Ta nuna mini a allon. Ban iya karanta rubutun ba, amma na ga hira da yawa a buɗe lokaci ɗaya, kowace tana motsi idan mai ita ya motsa. Ta ce mini a wannan aiki ba ka da ikon cewa ga abin da zai fara faruwa. Wani ya amsa nan take, wani sai gobe, wani ya fasa bayan mota ta kama hanya, wani ya danna abu ɗaya sau uku don ya ga ko ya tafi. Duk sai ka yi musu tanadi. Ta yi ta toshe irin waɗannan ramuka har abin ya zauna. Cikin rani aiki ya fi motoci yawa, kowa ya samu, kowa ya yabi Sakatare.

Da damina ta sauka, mutane suka tari ruwan sama, masu kira suka ragu. A nan ne na fara ganin koriyar motar a ƙofar gida da rana tsaka, tanki cike, tana ɗiga a ƙasa. Mai Tanka ya zauna a benci yana kallon wayarsa. Wata rana ya buɗe bututun ya ce wa maƙwabta su kawo bokiti.

Ƙanwata ce ta zo ta same ni. Ta ce mijinta ya sayo tabarau a kasuwa, ya ce idonsa ne. Ta ce ko wurin cin abinci yana gwada danna waya da babban yatsa, yana duba ko ya ƙara sauri. Yanzu kuma ya yi magana da mai sayen tsoffin ƙarafa, wanda zai zo ƙarshen mako mai zuwa ya ja motar ya yanka ta.

"Ya ce yara sun fi shi hannu, Yaya. Ya ce tun da na'ura ce ke rabon, kuma ba ta son kai, to shi ne ya ƙare."

"Ya gaya wa 'yar?"

"Ya hana ni. Wai kada ta ga kamar aikinta ne ya kore shi."

Ni ba a hana ni ba, don haka na gaya mata. Ta buɗe kwamfuta ta duba abin da Sakatare ya adana. Komai daidai yake. Dokar ƙungiyar tun fil azal ita ce, wanda ya riga cika tanki shi ke ɗaukar aikin farko, kuma ba a karɓar aiki da tanki wayam. Saboda haka ta sa kowane direba, idan mai famfo ya gama cika masa, ya rubuta lambar da mitar famfon ta nuna, shaidar cewa ya cika. Saƙon da ya riga isowa shi ke samun aiki. Na ubanta kuwa kullum a baya yake zuwa, bayan an rabe 'yan ayyukan da ke akwai.

Ta daɗe tana kallon allon. Sa'an nan ta ce, "Baba ne ke fara fita a duk layinmu. Ta yaya mutumin da ya riga kowa fita zai riƙa zama na ƙarshe?"

"Wataƙila hannun ne, kamar yadda ya ce."

"Lamba ɗaya ce fa, Kawu. Ko da hanci yake dannawa."

Washegari ta ɗauki hutu a ofis ta ce wa ubanta za ta bi shi. Na ce ni ma zan je, ban taɓa ganin inda ruwan da nake sha yake fitowa ba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya zagaya ya buɗe mana ƙofa daga waje.

Famfon yana cikin wani kwari a bayan gari. Hanya ɗaya ce ke zuwa can, doguwar gangara mai lanƙwasa, duwatsu a gefe da gefe. A ƙasa akwai rumfar kwano, da babban bututu da aka ɗaga sama a kan ƙarfe, da mita a cikin akwati mai gilashi. Mu ne na farko a layi. Bayanmu wata sabuwar mota fara ta tsaya, direbanta saurayi ne da ake kira Guguwa.

"Baba, yau har da 'yan rakiya?" ya ce. "Ko turi za su yi maka a tudu?"

"Wanda ya haife ka ma na taɓa jan motarsa a tudun nan," in ji Mai Tanka, bai ko waiwaya ba.

Mai famfo ya cika mana, ya karanto lambar. Na zuba ido a kan yatsan surukina. Bai yi wata gargada ba, ya rubuta ya aika kafin a gama ɗaure murfin. Ya jefa wayar a aljihun gaba, ya ta da mota. Don-me ta miƙa hannu ta zaro wayar ta riƙe a cinyarta.

Muka kama hawa. Motar tana nishi, ruwa yana bugun tanki a bayanmu, kowace giya sai ya lallashe ta kafin ta shiga. Na ga wata tunkiya a gefen hanya ta yi tafiya tare da mu na ɗan lokaci, sa'an nan ta gaji da mu ta wuce. Ba mu kai rabi ba muka ji oda a baya. Guguwa ne, ya cika bayanmu, ya zo ya wuce yana ɗaga hannu. Can wata motar ta sake wuce mu, can wata.

Don-me ba ta kalli ko ɗaya ba. Ta taɓa ni ta nuna mini fuskar wayar. A gefen saƙon ubanta akwai wani ɗan zane kamar agogo.

"Me ke nan?"

"Bai tafi ba. Babu sabis a kwarin."

Sai da muka hau kan tudun, daidai inda ake fara hango rufin gari, ɗan agogon ya ɓace. Nan da nan wayar ta yi ƙara. Sakatare ya rubuto cikin ladabi cewa babu aiki yanzu, a ɗan jira.

"Baba, kullum haka suke wuce ka?"

"To tashi zan yi?"

"Ka san saƙonka ba ya fita sai ka zo nan?"

Ya rage gudun da ma babu shi. "Ai na aika tun a ƙasa. Kin gani."

"Ka danna a ƙasa. A cikin wayar ya zauna, ya hau tudu tare da kai. Duk wanda ya riga ka kaiwa nan, nasa ne ya riga zuwa."

Muka wuce gidan mai. Sa'an nan ya ce, "Wato saƙon ma a motata yake tafiya."

"A motarka, Baba. Ni kuma duk gwajin da na yi, a cikin gari na yi shi, a kan teburin Kawu. Ban taɓa saukowa nan ba."

Na lura ya cire sabon tabarau ɗin ya ajiye a gaban gilashin mota.

Da muka koma gida na ga kamar maganin a fili yake. A gidan waya, na ce mata, ba ranar da wasiƙa ta iso muke dubawa ba, hatimin ranar da aka jefa ta muke dubawa. Na ce ita ma ta riƙa bin lokacin da aka danna.

"Hatimin nan a hannun wa yake, Kawu?"

"A hannunmu mana, a kulle cikin aljihun tebur."

"To agogon waya a hannun direba yake. Ka ba Guguwa kwana biyu, zai mayar da nasa shekaran jiya. Akwai ma waɗanda nasu bai taɓa zama daidai ba."

Na yarda. Ta yi ta zagaya ɗakin tana magana ita kaɗai, ta ɗauki kofin shayina ta shanye ba ta sani ba. Abin da take nema shi ne wani abu da ba na kowa ba, wanda kuma ba ya komawa baya. Ashe yana cikin saƙon tun farko. Mitar famfon gaba kawai take ƙirgawa, don haka wanda ya riga cikawa lambarsa ce ƙarama. Sai dai wannan bai isa ba, domin idan saƙon Guguwa ya iso, ta ina Sakatare zai san akwai wani a bayan tudu da ya riga shi? Ba zai nemi abin da bai san da shi ba.

Sai ta ƙara abu ɗaya. Kowane direba ya rubuta lamba biyu, inda mita take kafin a fara cika masa, da inda ta tsaya. Inda na gaba ya tsaya, nan na baya zai fara. Idan saƙo ya iso, farkonsa bai haɗu da ƙarshen wanda aka sani ba, to akwai ruwan da ya fita daga famfo bai yi magana ba tukuna. Yana kan hanya. Sakatare zai ware masa aikin da ya dace da shi, ya ba wanda ya iso na gaba in akwai. In kuma mai giɓin ya daɗe bai bayyana ba, mai yiwuwa ya lalace ne, sai a saki aikin, kada mai gida ya kwana da ƙishi.

Na ce ta sake faɗa mini sau biyu, na kuma gwada da ƙwayoyin ashana a kan tebur har na gamsu. Ban taɓa jin ana gane mutum ta wurin da ya bari babu kowa ba, abin ya ba ni sha'awa ƙwarai.

Amma ba ita ke da ƙungiya ba. Aka kira taro a garejinsu, ƙarƙashin rumfa, wasu a kan benci wasu a kan tsoffin tayoyi. Ta yi bayani a tsaye, ta fara da cewa kuskuren nata ne. Guguwa ya bari ta gama.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa shugaban ƙungiyar, "ni dai tambayata ɗaya. Na sayi sabuwar mota ne don in riƙa jiran ta kakanni?"

"Ba wanda zai jira," in ji Don-me. "Kana isowa za a amsa maka. Abin da ba naka ba ne kawai ba za a ba ka ba."

"Kuma sai da ya taɓa gidanku aka ga kuskuren."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na dubi Mai Tanka, yana kallon ƙasa.

"Gaskiya ne," ta ce. "Da na sauka kwarin tun farko da na gani tun farko. Amma ba Baba kaɗai ake wucewa a tudun nan ba. Ko shi kaɗai ne?"

Wani dattijo mai shuɗiyar mota ya ɗaga hannu a hankali. Na kusa da shi ma ya ɗaga. Ya ce shi har wurin mai gyaran waya ya je, aka canja masa gilashi.

Shugaban ya gyara zama. "Kai Guguwa, da can, lokacin da mutum ke riƙe da waya, wa ke ɗaukar aikin farko?"

"Wanda ya fara cikawa."

"Yaushe muka zauna muka canja?"

Guguwa ya sosa ƙeya. "To har yaushe za a riƙe wa mutum aiki? In ya tsaya cin abinci a hanya fa?"

Wannan kam tambaya ce, kuma a kanta aka fi daɗewa. A ƙarshe aka ce a auna da motar da ta fi kowace nauyin jiki, a ƙara ɗan kaɗan. Ba a yi gardamar wace ce ba, kowa ya juya ya dubi surukina. Shi ma sai da ya murmusa.

Duk wannan bai sa ya ce ya fasa sayarwa ba, kuma ba wanda ya iya tambayarsa. Don-me ta gama gyaran, ta gwada shi a kwarin da kanta, tana hawa tana sauka a motocin mutane da wayoyi biyu a hannu. Ranar da aka fara aiki da sabon tsarin ita ce ranar da mai ƙarafa ya ce zai zo.

Ya kuwa zo da hantsi, da motar ja da sarƙa. Motar da ya zo dominta ba ta nan. Ƙanwata ta ba shi kujera da ruwa. Ni da Don-me muna zaune a ƙofar gida, kwamfuta a cinyarta. Ta nuna mini saƙon Guguwa ya shigo, Sakatare ya ga giɓi a gabansa, ya ware aiki ɗaya ya ba shi na biyu. Wani ya shigo, aka ce masa babu. Giɓin yana nan. Ta riƙa cizon farce.

"In ya wuce lokacin fa?" na ce.

"Za a saki aikin. Haka na rubuta."

Can sai saƙon ubanta ya shigo, giɓin ya cike. Ta sauke numfashi, ta rufe kwamfutar.

Ba hanyar Mai Tanka ba ce, amma ta layinmu ya biyo. Mun ji birkin kafin mu gan shi. Bai kashe mota ba, ya leƙo ta taga.

"Sannu da zuwa," ya ce wa mai ƙarafa. "Ka yi haƙuri, ina da aiki."

"To in jira ka dawo?"

"Kada ka jira. Ruwa ne a ciki, ba a yanka mota da ruwa."

"Gobe fa?"

"Gobe ma akwai ruwa a ciki." Sa'an nan ya dubi 'yarsa. "Ke, Sakataren nan naki. Duk garin nan ya rasa inda zai aike ni sai bayan makabarta, inda hanya ta zaizaye?"

"Shi ne aikin farko, Baba. Kai ka fara cikawa."

Ya girgiza kai, ya lallashi giya ta shiga, ya tafi yana zubar da ɗigo a kan hanya.

Mai ƙarafa ya naɗe sarƙarsa yana mita cewa ya ƙona mai a banza. Ƙanwata ta ce ya dakata, bai kyautu ya koma hannu wofi ba. Ta shiga ciki ta fito masa da wani dutsen guga da ya mutu da ƙafar tsohon keken ɗinki, suka tsaya a bakin ƙofa suna ciniki.